Launuka 65,536 a tsohon katin SVGA: dalilin da hoto ke tsayawa a saman allo, toka kuma ta koma shuɗi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina koyon rubuta manhajar zane a DOS da Borland C, a kan wata tsohuwar kwamfuta 486 mai katin Cirrus Logic na megabait 1. Yanayi na 13h ya zauna mini daram. Da na koma 640x480 mai launi 65,536 ta lambar 111h, sai hoton ya cika ɗan zirin sama kawai, sauran allon baƙi. Na gwada sauya banki, hoton ya hau kan junansa. Na kai manhajar kwamfutar abokina mai katin Tseng ET4000, a can 111h ya ƙi buɗuwa, da na mayar da shi 110h mai launi 32,768 kuma ruwan toka ya fito shuɗi. Ina matsalar take?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Matsala uku ka kawo, amma tushensu ɗaya ne: manhajarka tana yanke wa katin hukunci ba tare da ta tambaye shi ba. Yanayi na 13h ne ya saba maka da haka, domin shi kowane kati iri ɗaya yake yin sa. IBM ta fito da VGA a 1987, kamfanonin da suka biyo baya suka kwaikwaye ta rijista bayan rijista. Fiksel 320 sau 200, kowane fiksel bait ɗaya, jimla bait 64,000, duka sun shige cikin kilobait 64 ɗin da ke farawa daga A000:0000. Ka rubuta lamba, ɗigo ya fito, shi ke nan. Da zarar ka haura wannan, ka shiga filin SVGA, inda babu IBM ɗin da za a kwaikwaya. Tseng, Trident, Cirrus Logic, S3, Paradise da ATI kowa ya kama gabansa, kowa da rijistocinsa. Saboda wannan ruɗanin ne ƙungiyar VESA ta fitar da ƙa'idar VBE, wadda ainihin amfaninta shi ne ta ba ka hanyar tambayar kowane kati halinsa ta INT 10h, kiran BIOS mai kula da hoto. Kai kuwa ɓangare ɗaya kawai ka ɗauka a cikinta, na buɗe yanayi, ka bar na tambaya.

Mu fara da zirin saman, shi ne mafi sauƙin gani da lissafi. A yanayin launi mai yawa kowane fiksel bait 2 yake ci. Layi ɗaya na fiksel 640 ya zama bait 1,280, allon gaba ɗaya kuma 614,400. Amma tun zamanin da aka zana taswirar ma'adanar PC, abin da aka ware wa hoto a A000h kilobait 64 ne, wato bait 65,536. Raba 65,536 da 1,280, za ka samu 51 da ɗan ɗoriya. Wannan shi ne zirin da kake gani: layi 51 cikakku, sai fiksel 128 na layin da ke biye. Sauran ma'adanar katin tana nan lafiya, hannunka ne bai kai ba. Kilobait 64 ɗin nan taga ce da ake zamar da ita a kan megabait ɗin katin, kowane zangonta shi ake kira banki, kuma sai ka zame ta sau goma kafin ka cika allon 640x480, domin 614,400 ya ƙunshi taga tara cikakku da guntun ta goma.

Akwai wani tarko a nan da ke kama masu Borland C musamman, kuma zai fi kyau ka duba shi tun kafin mu je ga banki. A wannan kwamfaila int bit 16 ne. Idan ka rubuta y * 1280 da int, lissafin zai fashe tun y na 26, domin ya haura 32,767, kuma babu gargaɗin da za a yi maka. Dole a yi lissafin wurin fiksel da unsigned long, a kuma tilasta shi tun daga ninkawar farko:

    wuri  = (unsigned long)y * tsawon_layi + (unsigned long)x * 2;
    banki = (unsigned)(wuri >> 16);
    ciki  = (unsigned)(wuri & 0xFFFF);

Babban rabin lambar shi ne tagar da kake bukata, ƙaramin rabin shi ne wurin fiksel ɗin a cikin tagar.

To, me ya sa da ka sauya banki hoton ya hau kan junansa? A nan ne katin Cirrus ɗinka ya bambanta da abin da ka zata. Aikin 4F05h, wanda ke zamar da taga, yana karɓar lamba a rijistar DX, kuma mutane da yawa suna ɗauka 1 na nufin kilobait 64 na gaba. Ƙa'idar ba haka ta ce ba. Lambar DX ana ƙirga ta ne da takun katin, kuma kowane kati da nasa takun. ET4000 da katunan S3 suna taka kilobait 64. Cirrus Logic kuwa kilobait 4 yake takawa, ko 16 a masu ma'adana mai yawa. Dalilinsa a fili yake: rijistar bankinsa bit 8 ce, kuma 256 sau kilobait 4 shi ne megabait 1 daidai. Kamar ka ce wa mai hatsi ya auna maka biyar ne, kai buhu kake nufi shi kuma mudu ne a hannunsa. Da ka ba shi DX na 1, bait 4,096 kawai ya matsa, wato layi uku da ɗan kaɗan, sai ka zuba kilobait 64 na biyu a kan na farko. Duk zubin goma nan sun cunkushe a saman allo, ba su ma kai layi na 80 ba.

Maganin yana cikin amsar aikin 4F01h. Ka sa lambar yanayi a CX, ka nuna masa wurin bait 256 ta ES:DI, shi kuma ya cika maka shi da bayanin yanayin. A bait na 4 akwai WinGranularity, takun katin a kilobait. Ka raba 64 da wannan lambar, abin da ya fito shi za ka riƙa ninka lambar banki da shi: a Cirrus ɗinka 16 ne idan takun 4 ne, a ET4000 kuma 1. Layi ɗaya ne na lissafi, amma rashinsa ya lalata manhajoji masu yawa na wancan zamani a kan katunan da marubutansu ba su taɓa gwadawa ba.

Tun da ka buɗe wannan bayanin, kada ka tsaya a taku kaɗai. Ƙa'idar ta tanadi taga biyu, A da B, kuma bait na 2 da na 3 suna faɗa maka halin kowacce: bit 0 tana nan, bit 1 ana karantawa ta cikinta, bit 2 ana rubutawa. A wasu katunan taga A tana yin duka biyun. A wasu kuwa ɗaya ta rubutu ce ɗaya ta karatu, dukansu a A000h. ET4000 haka yake a cikinsa, rijistarsa ta 3CDh an raba ta biyu, ƙananan bit 4 na rubutu, manyan 4 na karatu. Idan ka zamar da tagar rubutu kaɗai, zane zai fito daidai, sai ranar da ka zo ɗauko abin da ke ƙarƙashin kibiyar linzami don ka mayar da shi, ka ga wani ɓangaren allo dabam ya liƙe a wurin. Adireshin tagar ma kada ka ɗauka A000h ne ido rufe, yana nan a WinASegment, bait na 8.

Sai BytesPerScanLine a 10h, wanda na kira tsawon_layi a sama. Da gangan ban rubuta 1280 ba. Sau da yawa 1,280 ɗin ne, amma akwai katunan da ke ƙara wa layi tsawo a ma'adana fiye da abin da ido ke gani, musamman a yanayin bit 24, inda za ka iya samun 2,048 a maimakon 1,920. Alamar wannan kuskure ba ta ɓuya. Ka ja layi a tsaye daga sama zuwa ƙasa, sai ya fito a karkace yana gangarawa gefe, ya fice ta gefen allo ya sake shigowa ta ɗaya gefen, hoto kuma ya zama zane-zanen gicciye kamar an murɗa shi. Duk lokacin da ka ga haka, tsawon layi ne.

Ina so ka lura da layi na 51 ɗin nan da kyau, idan ka fara ƙirga daga 0. Yana farawa a bait na 65,280, fiksel 128 na farko suna banki na 0, sauran 512 suna banki na 1. Duk aikin da ke cika layi a kwance da rep stosw ko memcpy, idan ya zo nan bai raba aikin biyu ba, ƙaramin rabin adireshin zai zagayo 0, ragowar layin ya faɗa can saman allo. Sa'ar da aka yi a bit 15 da 16 ita ce fiksel ɗaya ba ya taɓa rabuwa tsakanin banki biyu, tun da bait 2 ne kuma 65,536 yana rabuwa da 2. A bit 24 mai bait 3 wannan sa'ar babu ita: 65,536 ba ya rabuwa da 3, saboda haka akwai fiksel ɗin da shuɗinsa ke wannan banki, korensa da jansa na wancan. Wannan na cikin dalilan da nake ba mai koyo shawarar ya zauna a 16 tukuna.

Game da gudu, kada ka kira 4F05h a kowane fiksel. INT 10h yana da tsada. Ka ajiye lambar bankin da kake ciki, ka kira aikin sai in ta canza. A 0Ch na bayanin yanayi akwai WinFuncPtr, adireshin da za ka kira kai tsaye da far call ba tare da bi ta INT 10h ba, ya fi sauri sosai, sai dai ka kula yana iya ɓata maka AX da DX. Layi a tsaye shi ne mafi sharri, domin yana ratsa bankuna goma a jere, kuma zane mai layuka da yawa a tsaye zai yi ta kai da komo. Shi ya sa tsarin da ya fi shi ne ka yi zanen a RAM, sannan ka kwashe shi zuwa kati banki bayan banki, daga sama zuwa ƙasa, sauyi goma kacal.

Yanzu ga maganar launi, wadda ta fi ban sha'awa a wurina, domin tana nuna yadda abin ya faro. A VGA na asali bait ɗin da ka rubuta lambar gurbi ce a jadawalin launuka 256, kuma guntun da ake kira DAC, mai mayar da lamba zuwa siginar da ke tafiya allo, shi ke duba jadawalin ya fitar da ja, kore da shuɗi, kowanne bit 6, daga cikin launuka 262,144. A farkon shekarun 1990 kamfanin Sierra Semiconductor ya fitar da DAC mai suna HiColor wanda ke zama a gurbin tsohon, amma yana da wata dabara: idan an kunna shi, sai ya tsallake jadawalin, ya haɗa bait biyu a jere ya ɗauke su a matsayin launi kai tsaye. Shi babban guntun katin, kamar ET4000AX, bai ma san da wannan ba. A ganinsa layi mai fiksel 1,280 na bit 8 yake turawa, DAC ne ke haɗa su bibbiyu su zama 640. Da yake babu wata ƙofa da ta rage a adireshin VGA don sabuwar rijista, sai suka ɓoye ta: ka karanta 3C6h sau huɗu a jere, karo na biyar ya faɗa kan rijistar umarni, bit 7 ɗinta ya kunna yanayin. Cirrus ma da ya haɗe DAC cikin guntunsa ya riƙe wannan dabarar ta karatu huɗu.

Sierra na farko bit 15 kaɗai ya iya: 5 na ja, 5 na kore, 5 na shuɗi, bit ɗin sama a banza, launuka 32,768. Daga baya ne tsarin 5:6:5 ya bazu, inda aka bai wa kore bit ɗin da ya rage domin ido ya fi gane bambanci a kore, aka samu 65,536. Katin abokinka da alama yana da irin DAC ɗin farko, shi ya sa 111h ya ƙi, 110h ya karɓa. Ba lalacewa ya yi ba, iyakar abin da aka gina shi da shi ke nan.

Ga abin da ya faru da tokarka, bit bayan bit. Toka ta tsakiya ita ce 128, 128, 128. A tsarin 5:6:5 ja ya zama 10000, kore 100000, shuɗi 10000, haɗe su ka samu 8410h, wato 1000 0100 0001 0000. Ka miƙa wannan ga DAC mai 5:5:5. Bit ɗin sama, wanda shi ne duk ƙarfin jan, ya watsar da shi. Bit biyar na gaba, 00001, ya ɗauke su ja, ja na 1 cikin 31, kusan babu. Biyar na gaba 00000 ne, kore babu ko kaɗan, domin babban bit ɗin koren ya riga ya faɗa gurbin ja. Biyar na ƙarshe 10000, shuɗi na 16, shi kaɗai ya tsira a gurbinsa. Sakamakon shuɗi mai duhu, daidai abin da ka gani. Abin da ke yaudarar mutane shi ne idan suka gwada da ja tsantsa F800h, ko kore tsantsa 07E0h, ko fari, duka suna fitowa kusan daidai a tsarin biyu, sai su ce komai lafiya. Launukan tsakiya ne ke tona asiri. Don haka in za ka gwada, ja matakan toka daga baƙi zuwa fari a faɗin allo. Idan sun fito toka zalla a jere, tsarin ya yi daidai. Idan ka ga shuɗi da shunayya suna tsalle a tsakiya, an sami saɓani.

Kada kuma ka dogara da BitsPerPixel da ke 19h don rarrabe su. Akwai BIOS ɗin da ke cewa 15 ga yanayin 5:5:5, akwai wanda ke cewa 16 domin bait 2 fiksel ɗin ke ci. Gaskiyar tana daga 1Fh zuwa 26h, wuraren da VBE 1.2 ta 1991 ta ƙara: girman ja da inda ya fara, girman kore da inda ya fara, haka shuɗi, haka bit ɗin da ba a amfani da shi. A 5:6:5 za ka ga ja 5 a wuri na 11, kore 6 a wuri na 5, shuɗi 5 a wuri na 0. A 5:5:5 ja 5 a wuri na 10, kore 5. Da waɗannan lambobi shida za ka rubuta aiki guda da ke haɗa launi a kowane kati:

    launi = ((r >> (8 - girman_r)) << wurin_r)
          | ((g >> (8 - girman_g)) << wurin_g)
          | ((b >> (8 - girman_b)) << wurin_b);

A kan 486 wannan lissafin yana da nauyi idan za a yi shi a kowane fiksel. Abin da ake yi shi ne a gina jadawali uku masu gurbi 256 tun farkon tashin manhaja, ɗaya na kowane launi, sai haɗawar ta zama ɗauko uku a haɗe da OR. Hotunan da za ka loda daga faifai kuma ka juya su zuwa tsarin katin sau ɗaya lokacin lodawa.

Ita kanta lambar yanayin bai kamata ka kafe ta a manhaja ba. Gaskiya ne VBE 1.2 ta ba da jerin lambobi: 10Dh da 10Eh na 320x200 a bit 15 da 16, 110h da 111h na 640x480, 113h da 114h na 800x600, 116h da 117h na 1024x768. Amma babu wanda ya tilasta wa kati ya iya dukansu, kuma VBE 2.0 ta 1994 ta ce daga nan ba za a ƙara tsayar da lambobi ba, manhaja ta nemi yanayinta a jerin da kati ya bayar. Hanyar ita ce ka fara da 4F00h. Idan AX ya dawo 004Fh kuma bait huɗu na farko sun zama VESA, akwai VBE. A 0Eh akwai manuni zuwa jerin lambobin yanayi, wanda ke ƙarewa da FFFFh, a 12h kuma yawan ma'adanar kati a ƙirgen kilobait 64. Ka bi jerin ɗaya bayan ɗaya da 4F01h, kana duba abu huɗu: bit 0 na ModeAttributes a kunne, alamar kayan da ke maƙale sun iya yanayin, faɗi da tsayi a 12h da 14h, MemoryModel a 1Bh ya zama 6, launi kai tsaye, sai girman launukan. Ka fifita 5:6:5, in babu ka karɓi 5:5:5, in babu shi ma ka faɗa wa mai amfani da kalmomi masu ma'ana ka fita, kada ka bar shi da baƙin allo. Kuma bayan kowane kira ka duba AX, har na 4F02h. Da manhajarka ta duba, da a kwamfutar abokinka ta gaya maka 111h bai samu ba tun tashin farko.

Katunan ET4000 da yawa ma sun fito babu VBE a cikin BIOS ɗinsu, sai an loda wata ƙaramar manhaja mai zama a ma'adana kafin 4F00h ya amsa. UniVBE ta kamfanin SciTech, wadda daga baya ta koma Display Doctor, saboda haka ta yi suna: tana gane katuna masu ɗimbin yawa, tana ba su VBE mai aiki, har ta gyara na waɗanda BIOS ɗinsu ke ba da bayani maras daidai. Za ka iya cin karo da tsofaffin rubuce-rubuce masu koya maka taɓa rijistocin kowane kati da hannunka, 3CDh a Tseng, lamba ta 9 a 3CEh a Cirrus, 0Eh a 3C4h a Trident mai bukatar XOR da 2. Karanta su yana da daɗi kuma yana buɗe ido. Amma shawarata ka bar BIOS ya buɗe yanayi, musamman idan tsohon allon gilashi ne a gabanka, domin lambobin agogo da na lokacin layi idan suka kauce daga abin da allon zai iya ɗauka, wasu tsofaffin allunan ba su da abin kare kansu.

Idan ka gaji da banki, mafita tana VBE 2.0, wadda ta kawo shimfiɗaɗɗiyar ma'adana: dukan ma'adanar kati a jere a wani adireshi can sama, babu taga. Bit 7 na ModeAttributes ke nuna yanayin yana da ita, adireshinta na 28h, ana kuma neman ta da ƙara 4000h a kan lambar yanayi, 111h ya zama 4111h. Sai dai Borland C ɗinka na bit 16 ba zai kai can ba. Sai ka koma yanayin kariya na bit 32, da kwamfailar DJGPP ko Watcom tare da DOS/4GW, ka nemi DPMI, mai hidimar manhajar DOS a yanayin kariya, ya buɗe maka adireshin da aikin 0800h na INT 31h. A can akwai sabon tarko. Wurin da za ka miƙa wa 4F00h da 4F01h dole ya kasance ƙasa da megabait 1, kuma idan ka rubuta VBE2 a farkonsa don neman ƙarin bayani, sai ya kai bait 512. Masu DJGPP kan yi amfani da __tb, wurin musayar bayanai da DJGPP ya tanada ƙasa da megabait 1, don kira biyun. Amma jerin lambobin yanayi a wasu BIOS yana zaune ne a cikin wannan wurin da kansa, kiran 4F01h na farko sai ya rubuta a kansa, jerin ya zama shara. Ka kwafe jerin zuwa naka wurin kafin ka fara bin sa. Katin Cirrus na zamanin 486 galibi VBE 1.2 ne a BIOS ɗinsa, don haka hanyar banki ba za ka rabu da ita ba idan kana son manhajarka ta yi aiki a kan injin da ke gabanka.

Ka kuma daidaita burinka da ƙarfin injin. Allon 640x480 sau 30 a daƙiƙa ya haura megabait 18 a daƙiƙa, kuma ramin ISA ko kusa ba zai ɗauka ba. Ramin VLB, wanda ya zo a 1992 don injunan 486, ya fi shi nesa ba kusa ba, amma shi ma a cika allo gaba ɗaya a kowane zagaye aiki ne ja. Don abu mai motsi 320x200 ya fi dacewa, bait 128,000 ne, banki biyu. A 640x480 ka kwashe wuraren da suka canza kawai. Ka guji karantawa daga ma'adanar kati, ta fi rubutu jinkiri ƙwarai, ka riƙe kwafin allon a RAM. A Borland C ɗinka na bit 16 wannan kwafin na 614,400 ba zai shiga cikin kilobait 640 na DOS tare da manhajarka ba, sai ka yanka aikin zuwa ziri-ziri, ko ka nemi XMS, ma'adanar da ke sama da megabait 1, ko ka koma bit 32. Kwashewa da rep movsd tana tura fiksel biyu a lokaci guda. Don hoto kada ya tsage, ka jira bit 3 na 3DAh ya kunna kafin ka fara. Sauya shafi da 4F07h ya fi tsafta, amma shafi biyu na 640x480 bait 1,228,800 ne, sun fi megabait ɗinka. A 320x200 kuwa akwai wuri har da saura.

Abin da za ka rasa daga 13h shi ne wasa da jadawalin launuka. Dusashe allo zuwa baƙi da sauya lambobi 768 a 3C9h ya ƙare, yanzu sai ka taɓa kowane fiksel. A madadinsa ka samu haɗa launuka na gaskiya. Rabi da rabi na fiksel biyu, don abu mai kama da gilashi, ana yin sa ba tare da warware launukan ba: ka share ƙaramin bit na kowane launi da AND, F7DEh a 5:6:5 ko 7BDEh a 5:5:5, ka matsar da kowanne dama da 1, ka tara su. Sharewar ce ke hana bit ɗin ja zubowa cikin kore. Ka lura lambar ma ta dogara da tsarin katin, saboda haka ita ma daga bayanin yanayi za ka zaɓe ta. Mataki 32 na launi mai bit 5 kuma yana barin zobe-zobe a hoton sararin sama ko fatar fuska; yayyafa ɗigo da jadawalin Bayer na 4x4 lokacin lodawa yana kashe su da araha, tsarin Floyd da Steinberg ya fi kyau amma ya fi cin lokaci.

Wajen gwaji ka yi hattara da DOSBox, manhajar da ke kwaikwayon kwamfutar DOS. Katin S3 Trio yake kwaikwaya, mai VBE 2.0 da takun kilobait 64, wato irin katin da ke rufa wa duk waɗannan kurakuran asiri. Sa machine=vesa_nolfb ko vesa_oldvbe zai tilasta maka bin hanyar banki, amma takun bai canza ba. 86Box ya fi amfani a nan, domin yana kwaikwayon katunan Cirrus, ET4000 da Trident da BIOS ɗinsu na ainihi.

Kafin ka taɓa aikin zane, rubuta 'yar manhaja wadda ba ta buɗe yanayin hoto ko ɗaya, aikinta kawai ta bi jerin ta buga wa kowane yanayi lambarsa, faɗi, tsayi, tsawon layi, taku, halin taga A da B, da lambobi shida na launi. Ka tafiyar da ita a injinka da na abokinka, ka ajiye sakamakon biyu gefe da gefe. Sannan gwajin farko na hoto ya zama abu uku kawai: firam fari a gefunan allo huɗu, layi daga kusurwa zuwa kusurwa, da matakan toka, ka kuma tabbatar kowace hanyar fita tana kiran INT 10h da AX na 0003h don allon rubutu ya dawo. Idan firam ɗin ya rufe ta ƙasa, layin ya miƙe, tokar ta fito toka a injin biyu, sai ka ci gaba. In wani abu ya kauce, ka turo mini lambobin da 'yar manhajar ta buga na 110h da 111h, mu duba tare.